Jan Kati a Ƙugiyar Baba

Ƙarar yagewar mayafi ce ta fara komai. Ina kwashe shanya a saman bene, na ja farin mayafina daga kan igiya, sai na ji ƙyat. Igiyar shanyarmu ta ƙarfe ce, irin wadda ake murɗa silin waya da yawa wuri guda, ashe wani sili ya tsinke ya miƙe kamar ƙaya. Maigida yana zaune a bakin matakala da littattafansa. Ya taso ya naɗe tsumma a hannu, ya bi igiyar da shi a hankali daga wannan bango zuwa wancan. Sau huɗu tsumman yana maƙalewa. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauko filaya ya datse ta.

Na ce, "Injiniya, ashe ka iya yanke hukunci. Igiyata ce dai ba ta da furfura."

Ya ce, "Saura tukunyarki mai hannun rawa."

"Ka bar mini tukunyata, ta Inna ce."

Ya yi dariya, amma na san maganar furfurar ta taɓa shi. Ga waɗanda ba su san halin da muke ciki ba, maigida injiniyan injunan ɗaga kaya ne a wani kamfani nan Madina, kuma aikin ginin da ya kawo mu ya kusa ƙarewa. Kamfanin ya ce akwai gurbi a rijiyoyin mai na tsakiyar teku, na mai duba lafiyar ƙugiyoyin da ke ɗaga kaya daga jirgi zuwa dandamali. Wata guda a ruwa, wata guda a gida, mu kuma mu ci gaba da zama a Al-Azizya. Sharaɗi ɗaya ne, sai ya samu takardar shaidar wannan aiki, kuma sau biyu kawai za a tura shi jarrabawa. Idan ya rasa, ba sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, sai mu ɗaure kaya mu bar maƙwabtakar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ya riga ya faɗi sau ɗaya, a Dammam. Ta rubutu ya cinye. A ta aiki ya ga lahani a ƙugiya, amma direbanta dattijo ne sa'an mahaifinsa, ya ce masa a bari a gama ɗaga wannan kayan tukuna. Maigida ya kasa ce wa babba a'a a gaban mutane, ya rubuta "a kula da ita" ya ja baya. Mai jarrabawa ya ce masa, "Ka gani, ba ka hana ba." Ilimi bai gaza ba, kara ce ta kayar da shi. Don haka da aka sa ranar ta biyu a wata cibiya a Yanbu, na ce ƙafata ƙafarsa. Na yaga mayafin nan gida huɗu, na ninke masa a jaka.

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ni da shi da autarmu mai shekara shida, yayyenta mata biyu kuwa muka bar su wajen maƙwabciyata 'yar Sudan. Ta gefen Bi'ir Ali muka bi. Manyan motocin masu Umara sun yi layi, maza fari fat cikin harami suna gyara mayafan kafaɗa, wata tsohuwa tana faɗa da jakar da ta fi ta nauyi. Har muka wuce ina jin talbiyyarsu ta tagar mota, na kuma ce a raina, insha Allahu ba ganin bankwana nake wa wannan wuri ba.

Hanyar yamma shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, sai duwatsu baƙaƙe hagu da dama kamar an ƙona su. Raƙuma na kiwo a bayan shingen waya. Auta ta ƙirga goma sha ɗaya barci ya ɗauke ta. Mun tsaya karyawa a wani gidan mai, gurasar tamis mai zafi riyal ɗaya, kwanon ful, wato dafaffen wake, riyal biyar, shayi mai madara riyal biyu. Gurasa ɗaya ta ishe mu uku har da saura. A Badar muka ratse, muka tsaya daga bayan katanga muka yi wa shahidai sallama. Wurin shiru, iska tana kwaso yashi daga kan tudu. Na yi addu'a mai tsawo, maigida ya fi ni daɗewa.

Daga nan duwatsu suka ja baya, ƙasa ta kwanta, sai ga bututun matatun mai da harshen wuta a kansu. Ina buɗe ƙofar mota a Yanbu tabarauna ya yi hazo. Mu mutanen Madina zafinmu busasshe ne, na can kuwa jiƙaƙƙe, kamar a tsaya kan tukunyar dambu. Gishiri ya dunƙule a kwalba, wanki ya wuni a igiya ya shigo da danshinsa.

Masaukinmu gidan gwaggon maƙwabciyata ne, wata Hajja mai faɗin fuska da yawan dariya, da mijinta da kowa ke kira Baba. Hausawan Sudan ne, Hausarsu rabi Larabci. Suka ba mu ɗakin sama, suka ce idan muka ambaci otal sun yi fushi. Abin da muka sani game da Baba shi ne tsohon direban ƙugiya ne a tashar jiragen ruwa, winshi kamar yadda suke cewa a can, kuma yanzu jefi-jefi yake fita aiki. Ranar farko Hajja ta yi mana sayadiyya, shinkafa mai ruwan ƙasa da aka dafa da soyayyar albasa da romon kifi. Baba da hannunsa yake cire ƙaya yana tura wa maigida tsoka, yana cewa, "Ci, ya waladi, ci ɗana, teku ba ta son ramamme."

Kwana uku maigida yana fita da safe ya dawo bayan la'asar. Ni ce ɗalibarsa, don abin da ya karanta sai ya maimaita mini ya zauna. Da haka na san cewa ƙugiyar teku ba kamar ta tudu ba ce. Kayan da za ta ɗauka cikin sauƙi idan ruwa ya kwanta, idan ruwa ya tashi sai a rage, domin jirgin da ke ƙasa yana hawa yana sauka, yana iya fizge kayan. Na san ana auna kaurin igiya, ana duba ko bakin ƙugiya ya buɗe, ana gwada birki, ana cika wasu manyan jakunkuna da ruwa a rataya don gwajin nauyi. Akwai ranar da aka sa su cikin wani akwati mai siffar jirgi mai saukar ungulu, aka dulmiya su a tafki aka kifar, wai su koyi fita. Mutumin da ko kududdufin unguwarsu bai taɓa shiga ba. Ya dawo ido jajir, ya ce ya sha rabin tafkin amma ya fito. Auta ta tambaye shi ko ya yi bisimilla kafin ya sha.

Mu kuwa Hajja ta zaga da mu tsohon gari, gidajen dutse masu tagogin katako da aka sassaƙa, da kasuwar kifi inda za ki zaɓa a auna, ki miƙa wa na gaba ya gyara, na gabansa ya soya. Kifin da suke kira najil ja ne mai ɗigo-ɗigo, tsadarsa ta sa na gaishe shi daga nesa.

Laraba ce ranar jarrabawar aiki. Maigida ya fita da sassafe. Jim kaɗan Baba ma ya fito cikin kayan aiki, ya kurɓi shayi a tsaye, bai taɓa gurasa ba, ya tafi. Hajja ta bi shi da kallo, ta ce mu hau sama. Daga saman gidansu ana hango filin cibiyar a bakin ruwa, da dogon wuyan wata ƙugiya mai ruwan ɗorawa.

Ta ce, "Kin ga waccan? Baba ne a cikinta. Shi suke kira ranar imtihan."

Na ce, "Hajja, maigida bai sani ba."

"Ba a faɗa, ya binti, 'yata. Wata rana igiyar lafiya lau, wanda ya hana ta aiki ya faɗi. Wata rana su ɗaura mai aibi, su ce Baba ya yi ta roƙo a bar shi ya ɗaga. Ba ya son wannan aikin, ko ni ba ya gaya wa. Amma ranar roƙo ba ya iya cin gurasa."

Na tuna gurasar da ya bari a faranti. Ke nan idan wuyan nan ya ɗaga kaya yau, mun bar Madina. Kuma wanda zai roƙe shi ba baƙon dattijo ba ne, mutumin da ya kwana huɗu yana cire masa ƙayar kifi ne.

Muka zauna a inuwar tankin ruwa. Na ciro carbi. Ba zan ce ban ji tsoro ba, amma na ga hannun mutumin nan a kan igiyar shanyata, na san abin da ya sani. Wajen ƙarfe goma wuyan ya motsa, ya juya hagu, ya sauko da ƙugiya ƙasa-ƙasa har ta ɓace mana a bayan gini. Hajja ta ce yanzu ake dubawa. Auta ta gaji ta sauka wajen kyanwar gidan. Rana ta cinye inuwarmu muka matsa. Har aka kira azahar wuyan nan bai ƙara motsi ba, yana nan tsaye kamar zalɓe a bakin rafi.

Hajja ta miƙe ta kakkaɓe zane. Ta ce, "Halas, an gama. Tashi mu ɗora shinkafa."

Tare suka dawo a motar Baba. Maigida ya shigo yana sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi, Baba kuwa tun daga ƙofa yake magana.

"Hajja, kin ga ɗan da kika ciyar? Na ce masa, ya waladi, jiya da hannuna na shafa wa igiyar nan giris. Ka rataya mini jan katin hana aiki gaban yaran nan, gobe mudir, shugaban wurin, ya ce idon tsoho ya tafi. Na ce ka ci gishirin gidana. Har muryata na karya."

Na ce, "Shi kuma ya ce me, Baba?"

"Ya durƙusa. Mufattishi guda, mai duba aiki da hular kwano, ya durƙusa mini a kan siminti. Ya ce, Baba ka gafarce ni, silin da suka tsinke sun wuce ƙa'ida, ba za ta ɗaga ba. Ya tashi ya rataya katinsa, ya zare makulli ya sa a aljihu. Makullina."

Maigida ya ce, "Giris ya rufe wurin, ido bai gani ba. Tsumma ne ya kama." Ya ciro ƙyallen mayafina daga jaka, ya yi baƙi ƙirin, duk ya tsattsage.

Baba ya zauna ya jawo farantin gurasar safe. Ya daina dariya. Ya ce, "A teku akwai mutane a ƙarƙashin kayan nan, kowa da uwarsa. Da ka ji kunyata yau, da na ji kunyarka har in mutu. Miƙo mini shayi."

Washegari aka ba shi takardarsa, da ɗan kati mai hotonsa. Hajja ta cika mana kula da soyayyen kifi, ta ce na maƙwabciya ne, kada Injiniya ya duba lafiyarsa a hanya. Mun baro Yanbu da hantsi, la'asar ta same mu a Harami. Da na hango koren kubba, sai hawaye.

Abin da na ƙaru da shi a wannan tafiya, 'yan uwa, shi ne an yi mana tarbiyyar girmama babba, kuma ba zan so 'ya'yana su rasa ta ba. Amma na ga mutum ya durƙusa har ƙasa kuma ya ce a'a, girman bai ragu ba, amanar ma ba ta zube ba. Da can ina zaton sai an zaɓi ɗaya.

Da safe na shiga kicin zan ɗora ruwan zafi, na tarar an ɗaure wa tukunyar Inna jan ribon a hannun nan mai rawa. Auta tana tsaye a bakin ƙofa, gashinta a kwance gefe guda. Ta ɗan rusuna, ta ce, "Umma, ki gafarce ni. Na san kina sonta, amma ba za ta ɗaga ba."