Azurfar Kan Rufi

Maigidana malamin kimiyya ne. Da ya yi ritaya sai ya zama kamar kujerar falo, inda ka bar shi da safe nan za ka tarar da shi da la'asar. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, amma ko tsokanarsa na yi, sai dai ya ce, "To, Hajiya." Wallahi na tsorata da shirun nan.

A lokacin muna zaune a Nassarawa GRA. Kowane zaɓe sai an yi mana alƙawarin wuta, har muka gaji muka kafa farantan sola a kan rufi. Sun yi mana aiki shekara da shekaru, suka tsufa, sannan ƙanƙarar wata damina ta ƙarasa su. Na kira masu jari-bola su kwashe, sai ga Malam ya fito ba ko hula.

"Kada wanda ya taɓa! Akwai azurfa a ciki."

"Azurfa? Malam, lafiyarka kuwa?"

Ya nuna mini wasu siraran layuka farare a jikin farantin, kamar zare. Ya ce da azurfar layukan nan zai yi mini madadin zoben mahaifiyata, wanda ya suɓuce mini a turmutsutsun jifan Shaiɗan. Ashe kukan da na sha a kan zoben nan yana ransa, ni da na ɗauka bai ma lura ba.

Daga ranar gida ya rikice. Ya ɓalle ƙarafan gefe ya ba masu jari-bola, ya zare wayoyin jan ƙarfe ya nannaɗe. Da na kama shi yana daka gilashi a turmin yajina, har maƙwabta sai da suka ji muryata. Ranar da ya shigo da wani ruwan asid mai shaƙe maƙogwaro, na kore shi can bayan gida, gindin mangwaro, shi da kwalabensa da safar hannunsa. Ina masifa, amma a zuciyata murna nake. Mutumin ya dawo cin tuwo har da neman ƙari, yana yi mini bayanin da ban tambaye shi ba.

Bayan watanni ya kai abin da ya tace wurin maƙerin azurfa a cikin birni. Ya dawo jiki a sanyaye, ya buɗe tafin hannunsa. Azurfar duka-duka ba ta fi ƙwayar dawa ba.

"Ba za ta yi zobe ba, Hajiya. Ki yi haƙuri."

Na ga shirun nan yana shirin dawowa fuskarsa. Na figi mayafi, na ɗauko nannaɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfen, na ce ya tashi mu koma. Maƙerin ya yi zobe da jan ƙarfen, ya dasa 'yar azurfar a tsakiya. Ya gargaɗe ni cewa zai rina mini yatsa. Na ce masa yatsan ai nawa ne.

Ya rina kuwa. 'Ya'yana sun sha sayo mini na zinariya, suna cewa, "Haba Mama, wannan waya ce fa." Zobban suna nan cikin akwati.

Malam ya rasu bara waccan, Allah Ya jiƙansa. Duk alwala sai na murza zoben don ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, in ga koren zanen da ya bari a yatsana. Ban taɓa sa masa sabulu ba.