Injin Da Ya Fi Na Urpo

Aulis Kemppainen shekara talatin da takwas ya yi yana saran itace a dazuzzukan Suomussalmi da ke ƙasar Finland kafin ya koma gida cin fansho. Gajere ne mai faɗin ƙirji, maganarsa ba ta da yawa, kuma in akwai abin da yake tinƙaho da shi, to damtsensa ne. Da zarar tafkin Kianta ya daskare har ya iya ɗaukar mutum, shi da matarsa Raili za su ja kayansu su shiga. Shi ke huda ƙanƙara da mahudin hannu, yana murzawa yana nishi, ita ke jefa ƙugiya. Kowa ya san Raili ta fi shi sa'ar kifi nesa ba kusa ba, shi kuwa ko a jikinsa. "Kifinta ai ta ramina yake fitowa," haka yake cewa.

Shekarar da ya cika saba'in da ɗaya, kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Ga watan Fabrairu, kaurin ƙanƙara ya kai kamu ɗaya da rabi. Rami ɗaya sai ya huta sau uku kafin ya ga ruwa, Raili na zaune a kujerarta tana kallon nesa don kada ya ji kunya.

A wannan sanyin ne Urpo Moilanen ya dawo. Tare suka yi firamare, daga baya ya tafi Sweden aikin masana'anta, matarsa ta rasu a can, ya dawo gidan iyayensa da ke maƙwabtaka da su. Dogo ne, bakinsa ba ya rufuwa, kuma Aulis bai manta ba, kafin aurensu Urpo ya taɓa yin rawa da Raili sau biyu a jere a wani bikin bazara. Yanzu ga shi ya zo da jan injin huda ƙanƙara mai batir.

"Maƙwabci, ajiye wannan kayan tarihin kafin ka cika a kansa!" in ji Urpo ranar da ya same su a tafki. "Raili, ina kike so?"

Ta nuna da ƙafa. Ya danna, kafin Aulis ya gyara safar hannunsa ruwa ya ɓulɓulo. "Nan fa? Ga wani. Ga wani kuma." Ramuka takwas ya jera mata. Raili ta yi ta dariya, irin dariyar da Aulis ya manta rabon da ya ji. Ranar ta cika bokiti, har ta zuba wa Urpo gahawa a kofin katakon da Aulis ya sassaƙa da hannunsa.

A gida, da Raili ta soya kifin, Aulis ya ture faranti.

"Gishiri ne bai ji ba?"

"Na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Tun safe burodi ɗaya ka ci."

"Ki kai wa mai ramin."

Raili ta dube shi ta saman tabarau. "Au, abin nan ne? Tsoho, ka ji kunyar furfurarka."

Asabar uku ya daure yana kallon Urpo na tambayar matarsa inda take so. Ranar Talata ya tayar da mota ya nufi shagon kayan kamun kifi a birnin Kajaani, bai gaya wa kowa ba.

Mai shagon kayan kamun kifin wata mata ce mai suna Marjut, wadda ta san aikinta. "Wane irin kifi kuke nema?" ta tambaye shi. "In ƙanana ne, rami kamar faɗin tafin hannu ya isa. Da ƙafa kuke shiga tafkin?"

"Da ƙafa."

"To mai batir ya dace da ku. Ba nauyi, ba hayaƙi. Sai dai ku riƙa sa batirin cikin riga, sanyi na cinye shi."

Ta ɗauko masa. Sak na Urpo, har jan fentin.

"Wanne ya fi wannan?"

"Ya fi shi me?"

"Ya fi shi dai."

Ta nuna masa wani ƙato a lungu. Mai fetur ne, na masu kafa taru, nauyinsa kilo goma sha biyar, raminsa ƙaramin bokiti zai wuce. "Amma igiya ake fizga a tayar da shi," in ji ta, "kuma na ga da hagu kuka buɗe ƙofa."

"Ɗaure min shi."

Ranar Asabar Aulis ya ja injin cikin tafki yana haki, ya kafa shi gaban Urpo. Ya fizgi igiya da hagu, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, ya sake. Zuciya ta ɗebe shi ya fizga da dama, zafi ya tashi daga kafaɗa har cikin kunne. Da Urpo ya yi dariya da ya fi masa sauƙi, amma sai ya matso a hankali.

"Kawo in taya ka, maƙwabci."

"Taɓa shi ka gani."

Raili ce ta tashi, ta taka gindin injin, ta fizga sau ɗaya, ya kama ruri har hankaki suka watse daga bakin daji. Da bakin ƙarfen ya ciji ƙanƙara sai injin ya nemi juya Aulis gaba ɗaya, dole ta kama mariƙin injin ɗaya, shi ɗaya. Suka huda rami ƙato, suka tsaya suna kallonsa cikin hayaƙi. Ranar duka su ukun ko kifi ɗaya ba wanda ya kama.

"Ka ji daɗi?" in ji Raili a hanyar gida. "Ramin ya fi nasa. Sai mu ci ramin."

Ranar Litinin ita ta ɗauki mota, ta mayar da injin, ta dawo da mai batir. Aulis ya karɓe shi. Ya shiga rumfar kayan aiki da shi, ya fito da shi baƙi ƙirin, fenti na ɗiga. Tun daga nan shi ke danna injin, batirin kuwa a aljihun ƙirjinsa yake wuni a tafki, kuma in Urpo ya zo, sai Aulis ya ɗauki kujerarsa ya dasa ta tsakaninsu.

Cikin watan Afrilu Urpo ya fara zuwa wurin wata bazawara mai waƙa a majami'a, can tsallaken tafki, ya daina leƙo su. Aulis ya yi mako guda yana busa fito don murna. A Asabar ta biyu suka hango Urpo can nesa yana jera wa matar ramuka, muryarsa na tasowa bisa ƙanƙara. Aulis ya daɗe yana kallo, ƙugiyarsa na motsi bai kula ba.

"Dube shi," in ji shi. "Shekara arba'in ba ya nan, ya dawo, mu muka karɓe shi. Yanzu ko hannu ba zai ɗaga mana ba."

"Kifi na jan ka," in ji Raili.