Dutsen da Na Dafa wa Kaka

Ina da shekara tara na jefi mangwaro da ɗan dutsen niƙan Kaka, wanda ta gada wajen uwarta. Ya wuce mangwaron, ya faɗa rijiya. Na kakkaɓe hannu na koma tsakar gida kamar waliyyi.

A gidanmu na Garuwa, in an ci tuwo bayan magariba, mukan kewaye murhu, Kaka tana gasa masara tana mana tatsuniya. Ranar ta dube ni ta ce, "Ga ta nan ta iso, ku matsa mata. Maigida, yau ka yi shiru, lafiya?" Na ce ciki ne.

Ta ce wai yashi ne ya yi ta kwanciya a gindin kogin Binuwai, shimfiɗa kan shimfiɗa, har ya zama dutse. Amma ragon dutse ne, ko akuya ta taka shi sai ya marmashe. Ya kai kuka wajen Ƙasa, ita kuwa ta haɗiye shi, ta ɗora masa tsaunuka, ta hura wuta daga ƙarƙashi. "Bai narke ba," in ji Kaka, "ƙwayoyinsa ne suka rungumi juna don wuya. Ya daɗe, ya daɗe. Da ya fito, guduma ma sai ta yi sallama. Jikansa ne ɗan dutsena."

Ni zafi da nauyi kawai na ji. Washegari na ɗauko ragon dutse a bakin kogi, na musanya shi da ɗaya daga duwatsun murhu. Wuta a ƙasa, tukunyar da ta isa ciyar da rabin garin Pitowa a sama: na ce kafin a sauke miya na biya Kaka.

Miyar kuka tana tafasa dutsena ya ce fas. Tukunya ta kwanta. Mutum goma sha ɗaya suka ci tuwo da gishiri suna harara ta.

Kaka ta ce, "Maigida, dutsen naka ya nuna, ko a ƙara itace?"

Bana a lise, wato sakandare, malamin kimiyya ya zana mana wannan tatsuniyar a allo. Ya ce dutsen yashi kan rikiɗe ya zama kwarzit, amma sai can cikin ƙasa mai zurfin gaske, bayan miliyoyin shekaru. Na yi dariya har ya kore ni waje. Ina tsaye a rana na gane cewa "ya daɗe, ya daɗe" ɗin da na tsallake shi ne rabin labarin. Har yau in na yi gaggawa sai in ji ƙamshin miyar kuka a toka.

Ashe a wancan lokacin Kaka ta ga jifan mangwaron tun daga ɗakinta. Kawu ya shiga rijiya da igiya ya fito da dutsen, ko kwarzane babu. Da shi na niƙa barkonon gidan har ƙarshen damina.