Ɗumin da ke cikin turmi

Shekarun baya, bayan na gama wankan jego na koma ɗakina a wani ƙauye na bakin tafki kusa da Warra, ɗiyata ta fari ta soma ramewa. Ta kama nono ta saki, ta yi ta kuka. Ni kuwa dama abu kaɗan ke tayar mini da hankali, kullum sai na zagaye damtsenta da yatsuna in ji ko ya ƙaru.

Uwar mijina, da muke kira Inna, ta ce ƙila nonon ne ya ɓaci. Aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa: in ta mutu mugun nono ne, sai a cire yarinya daga nono. Tururuwa ta yi iyo ta fice abinta. Muka rasa abin kamawa.

Ana haka yayana, malamin kimiyya a wata sakandare a Yelwa, ya biyo kwalekwalen kasuwa ya zo duba mu. Ya tarar ina casar shinkafa da goyo a baya. Bayan gaisuwa ya ce, "Auta, mi kika ci yau?" Na ce ɗan koko. Gaskiya kunya nake ji a gan ni ina cika ciki a gidan surukai.

Ya tsoma hannu cikin turmin ya ce in taɓa. Shinkafar da ɗumi.

"Wa ya hura wuta nan ciki?"

"Yaya, ni da na tsaya aji uku, kar ka kawo mini jarrabawa."

Ya yi dariya. "Kokonki ne. Ya zama ƙarfin hannu, ya ɗaga taɓarya, taɓarya ta faɗo ya zama ɗumi. Ƙarfi ba ya ɓacewa, kuma ba ya fitowa daga babu, wuri kawai yake sauyawa. Kin raba naki tsakanin turmi da tulu da icen bandar kifi. Mi ya rage wa yarinya?"

Ashe Inna tana ji daga wajen bandar kifi. Ta taso tana goge hannu. "Malam, wato ni ke hana ta ci?"

Yayana ya yi saurin amsa mata.

"A'a Inna, kunyarku take ji."

"Kunya? Ni da nake goyon mijinta, tuwon mutum biyu nake tashi da shi in leƙa tukunya." Ta karɓe taɓaryar daga hannuna. "Tahi ki zauna, mai kunya."

Washegari yayana ya raka mu asibiti. Ma'aikaciyar ta duba yarinya, ta ce in ci in sha, in riƙa ba ta nono a kai a kai, ba sai na gama aiki ba. Daga nan Inna ta ɗauke mini daka da ɗiban ruwa, ta riƙa ajiye mini romon kifi, ta tsaya a kaina sai ta ga ƙasan kwano. Kafin ruwan tafki ya ja baya, kumatun yarinya sun ciko.

Har yau ban san sunan wannan karatu da Turanci ba, amma ya zauna mini. In da gaske ƙarfi ba ya ɓacewa, to na Inna ma bai ɓace ba. Yanzu ba ta iya ɗaga taɓarya, sai an kama ta take miƙewa. Jikar tata ce ke kama ta. Allah ya saka mata da alheri, Shi da ya san inda kowane ƙarfi ya tafi.