Tayoyin Baba Kyari da Jarrabawar Sartifika

Ranar wata Lahadi ta watan Yuni, shekarar da nake aji shida a lakwal, wato firamare, motar Baba Kyari ta shigo ƙauyenmu na bakin Komadugu da la'asar, tana tari kamar tsohon da ya shaƙi hayaƙin tattasai. Kat-kat ce irin ta shiga daji, malaminmu da muke ce wa Mushe ne ya ɗauko ta don ta kai mu Diffa washegari mu rubuta sartifika. Mahaifina kuwa ya riga ya yanke hukunci: "In ka faɗi, ga hauya can tana jiranka a gonar tattasai." Shi ba ya maimaita magana, ni ma ba zan maimaita aji ba.

Muka kewaye motar muna kallo. Tayoyinta masu faɗi ne, haƙoransu gibza-gibza, ɗan akuya zai iya kwana a tsakaninsu. Amma duka huɗun sun lotsa, sun baje ciki a ƙasa kamar kwaɗo. Ni ne gwanin gara taya a unguwarmu, saboda haka na ɗauki kaina masani. Na ce wa abokina Ari wannan mota ba za ta kai mu ko bakin rijiya ba. Da Baba Kyari direba ya tafi masallaci, daga can aka wuce da shi cin tuwo, muka zaro famfon ƙafa daga bayan kujerarsa. Muka yi ta takawa, ni in gaji Ari ya karɓa, har tayoyin suka yi tauri, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji amo kamar ganga. Muka mayar da famfo, muka tafi gida muna jin mun ceci gari.

Da asuba aka loda mu, yara da buhun gero da tukunyar abinci da Mushe a gaba rungume da takardunmu. Ba mu yi nisa ba muka tarar da tudun yashi na farko. Motar ta yi gurnani, ta tona, ta sake tonawa, ta zauna. Na rantse da an ƙara minti ɗaya da mun cimma ruwa. Baba Kyari ya sauko, ya shuri taya ɗaya, ya tsaya yana kallonmu. "Wane ɗan albarka ne ya taimake ni?" Ari ya nuna ni tun kafin a rufe baki.

Bai doke ni ba. Ya tsuguna da tsinke yana sace iskar, yana bayani. Da gangan ya rage ta, don tayar ta baje kamar tafin raƙumi ta hau kan yashi. Mai tauri kuwa yanka ƙasa take yi. Haƙoran nan na taɓo ne, su cafki laka su watsar, amma a rairayi haƙa suke yi in iska ta yi yawa. Gefen tayar kuma kauri gare shi, shi ya sa take lanƙwasa ba ta tsage ba. Muka tone yashi da hannu, muka shimfiɗa kaba, muka tura. Rana ta ɗaga, Mushe sai duba agogo yake yi.

Da muka iso kwalta na ce an gama. Ashe taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka a kan kwalta har ta fashe. Baba Kyari ya miƙo mini famfo: "Malam masani, ga aikinka." Huɗun nan ni kaɗai na cika su, ina kuka ina takawa. Mun shiga ajin jarrabawa ana raba takardu, yashi a kunne, ƙafata tana rawa har tebur na motsi. Na ci, da kyar, sunana can ƙasa inda takarda ta kusa ƙarewa.

Yanzu a Diffa nake zaune, 'ya'yana da ƙafa suke zuwa jarrabawa. Ƙauyen namu ya watse shekarun da hankali ya tashi, Ari yana Maine-Soroa, Baba Kyari ya riga mu gidan gaskiya. Har yau in na ga direba ya tsuguna a bakin yashi yana sace iska, sai in tsaya in saurara. Wannan 'yar ƙarar takan kai ni gida.