Katin da Lorene Ta Daskarar

Lorene Tuttle ta shekara goma sha tara tana dafa wa yaran firamare abinci a garin Toledo na Amurka, kuma duk ɗakin girkin ba wadda ta kai ta tsoron bashi. Tsoron yana da tushe. Shekarar da aka yi wa mijinta Wendell aiki a gwiwa, aka kuma sallame shi daga masana'anta, katunan bashi uku suka ci da su, har biya ya gagara. Da ta samu ta sauke nauyin da ƙyar, sai ta sa almakashi ta daddatse katunan. Shekara biyar, ko burodi za ta saya, tsaba take miƙawa. A ganinta ta wanke sunanta ke nan.

A hawa na uku suke haya, matakala talatin da huɗu. Wendell ya daina sauka sai ranar ganin likita. Da Lorene ta ji akwai ɗakunan haya a hawan ƙasa kusa da cocinsu, ta je ta cika takarda. Matar ofishin ta duba kwamfuta, ta ce makinta na biyan bashi bai kai ba.

"Ba mai bi na ko sisi," in ji Lorene.

"Na gani, Mama. Amma tsohon tabon kaɗai ke nan, ba wani sabon abu a kansa."

Washegari suna wanke farantai ta ba abokiyar aikinta Darnetta labari. Darnetta ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Sannu sarauniyar tsaba! Kin ɗauka masu ba da maki suna leƙa jakarki? Wanda ba ya cin bashi ba ya biya, a wurinsu ya mutu. Nemi kati, 'yar'uwa."

Kati ba ya wuya. Kowane mako sai an jefo mata wasiƙa mai ruwan zinare, wai an riga an amince da ita. Ta ari tabaran Wendell ta karanta ƙananan rubutun ƙasa: za su ba ta dala ɗari uku, su cire casa'in da biyar tun ba ta sayi komai ba. Ta shimfiɗa takardar ta fere dankali a kai.

A bankin ma'aikatan makarantu kuwa, cewa aka yi ta ajiye dala ɗari biyu nata na kanta, a ba ta katin ɗari biyu, ba kuɗin shekara. Tambaya ɗaya ta yi: kuna kai rahoto ga masu maki? Aka ce duk wata.

"Wato ki ba su kuɗinki su ranta miki?" in ji Wendell. "Kawo nan, ni ma na iya wannan, ba sai kin hau bas ba."

"Kai wa zai nemi shaidarka, tsoho? Ci abincinka."

Ta karɓi katin, amma ba ta yarda da hannunta ba. Ta ɗora wa katin kuɗin wayarta kawai, dala talatin, tana biya duka kowane wata. Shi kuwa katin ta saka shi a robar man shanu, ta cika da ruwa, ta tura can cikin firji bayan kaji, ya daskare.

Sau ɗaya ta ciro shi. Kirsimeti ne, ta ga keke mai rahusa, ta tuna jikarta. Ta ajiye robar a wurin wanke-wanke, ta tsaya tana kallo. Kafin ƙanƙarar ta narke rabi, hankalinta ya dawo. Ta ƙara ruwa ta mayar. Jikar ta samu safa da littafi, kuma ba ta mutu ba.

Bayan wata goma sha huɗu ta koma ofishin nan. Makin ya haye da kaɗan. Ɗakunan da ta so an daɗe da ba wani, sai waɗanda ke kallon wurin ajiye motoci. Ta sa hannu ba musu.

Ranar tashi, katin ya bi kaji cikin kula, yana nan a ƙanƙararsa. Yanzu Wendell da kansa yake fita kowace safiya, taku shida daga kujera zuwa ƙofa, ya zauna yana gaya wa maƙwabta ba su iya ajiye mota ba.