Shafa Irin ta Alwala

Shekarun da nake buga tafireta a sakatariyar Dutse, Inna tana dama fura a bakin ƙofa, gindin darbejiya. Daga wajen Kiyawa take zuwa da ƙwaryarta. Sai hannuwanta suka ɓaci: ƙaiƙayi, tsagewa, har ruwa suke yi. Mai dama fura kuwa hannunta ake fara kallo.

Na kai ta asibiti. Likita ya ce kumburin fata ne, ba a ɗaukarsa, ya rubuta wani mai a ɗan bututu. Da Turanci ya yi bayani, ni kuma uwar iyayi na taƙaita mata: shafawa za ki riƙa yi. Zancen kaɗan-kaɗan, da na a daina bayan sati biyu, duk na haɗiye su.

Kwana huɗu hannu ya yi sumul. Inna kuwa shafa ɗaya ta sani, ta man shanu: a lafta, a murza. In man likitan ya ƙare ta sayo wani a kemis. Kafin damina ta fita fatar ta koma kamar ɓawon albasa, ta yi fari dabbare-dabbare.

A ofis na ji wata tana raɗa wai kuturta ce ta kama mai furar nan. Wata ta ce a'a, bilicin take yi da tsufanta, ga malamai suna ta wa'azi a kansa lokacin. Ba su san uwata ba ce, ban kuwa faɗa ba. Tsoro ya kama ni, na koma shiga ta ƙofar baya. Fura ta fara kwantai, kullum sai Inna ta koma da ita.

Da muka koma asibiti, wata nas dattijuwa ta wanke ni tas, sannan ta juya gare ta.

"Inna, irin shafar kai a alwala ake nufi. A taɓa kawai, a wuce."

Ta ce a janye man a hankali, ƙaiƙayin zai dawo kafin ya lafa. Ya kuwa dawo da ƙarfinsa.

Ranar Litinin Inna ta zauna, hannuwa cikin mayafi. Har azahar ba wanda ya tsaya. Na fito, na tsuguna gabanta kowa yana gani, na ce ta dama mini.

Ta dube ni, ta fito da hannun ta ɗauki ludayi.

"Yau an kulle ƙofar bayan ne?" in ji ta.